Kwamfutar Falo: Yadda Ake Haɗa Ta, Da Abin Yi In Ta Yi Gardama

Akwatin da ke ƙarƙashin talabijin ɗin falonmu a Unguwar Rimi faɗinsa bai fi taƙi ɗaya ba, kaurinsa kuma kamar na sandar sabulu. A cikinsa bidiyon bikin ƙanwata yake, da tafsirin azumi na shekaru da dama, da katun ɗin yara, da fina-finan da muka saya. Shi ne na uku da na haɗa. Na farko zafin Afrilu ne ya gama da shi, don na kulle shi cikin kabad mai ƙofar gilas saboda neman kwalliya. Na biyu kuwa wata Asabar aka dawo da wuta da ƙarfinta, sai ƙauri kawai muka ji. A cikin biyun babu wanda ya mutu don furosesarsa, wato ƙwaƙwalwar injin, ta gaza.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wace kwamfuta zai saya don kallo a falo, ba na fara masa da maganar ƙarfi. Kunna fim ƙaramin aiki ne ga injin zamani. Abin da ke kashe shi a Kaduna wuta ce da ƙura da zafi. Ka sayi ƙaramin inji da ya iya karanta bidiyo, ragowar kuɗin ka zuba su a kan kare shi.

Da farko, me za a kalla?

In yawancin abin da gidanku ke kallo a ajiye yake a filash ko had-dis, ko kuwa bidiyo ne da aka ɗauko daga wayoyin 'yan uwa, to kwamfutar falo ta fi komai dacewa da kai. Ba ta neman data kafin ta yi aiki, ba ta kuma ce maka ba ta gane wannan fayil ba, kamar yadda talabijin kan yi in an soka mata filash.

In kuwa Netflix da makamantansa ne abin kallonku, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu: ƙaramin akwatin Android mai lasisi, ko manhajar da ke cikin talabijin ɗin kanta, sun fi sauƙi. Kamfanonin nan suna kulle bidiyonsu, ba sa sakin 4K, wato hoto mai tsananin fitowa, a kan Linux, a kan Windows ma sai an cika sharuɗɗa. Ga kuma lissafin data: Netflix da kansa ya ce awa ɗaya ta 4K tana iya cin gigabait 7, ta HD kuma gigabait 3. Mai sayen data da aljihunsa ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Zaɓen inji

Abu ɗaya za ka riƙe. A cikin furosesa akwai wani sashe da aikinsa kawai warware bidiyo. In sashen ya san irin ɗaurin da aka yi wa fayil ɗin, fim zai tafi sumul, injin ko ɗumi ba zai yi ba. In bai sani ba, sai furosesar ta ɗauki aikin da ƙarfin tuwo, fanka ta fara kuka, hoto ya riƙa tsayawa. Ɗaurin da ake yayi su ne H.264, wanda kusan kowane inji ya iya, da HEVC, wanda sababbin wayoyi da fina-finan 4K ke amfani da shi, sai VP9 da AV1 na YouTube. Furosesoshin Intel daga zubi na 7 zuwa sama suna warware HEVC mai bit 10 da VP9 ba wahala. AV1 kuwa sai daga zubi na 11. Zubi na 6 a nan yake yaudarar mutane: yana da araha, yana kunna HEVC na gama-gari, amma da ya haɗu da mai bit 10 sai ya durƙusa.

Gane zubi ba wuya. A i5-7500T, lambar farko, wato 7, ita ce zubin. I5-8500T zubi na 8 ne. Harafin T na ƙarshe yana nufin mai cin wuta kaɗan ce, wat 35, kuma irinta muke so.

Hanyar da na fi bai wa mutane shawara ita ce ƙananan kwamfutocin ofis na Beljiyam: Dell OptiPlex Micro, ko HP EliteDesk Mini, ko Lenovo ThinkCentre Tiny. Don su yini a kunne a ofis aka ƙera su, jikinsu ƙarfe ne, noti ɗaya ake kwancewa a buɗe su, kuma duk mai gyaran kwamfuta a Ahmadu Bello Way ya san cikinsu. Aibinsu ɗaya ne: da yawansu ƙofar DisplayPort gare su, in ma da ta HDMI to tsohuwa ce, 1.4, wadda ba ta wuce hoto 30 a daƙiƙa a 4K. In talabijin ɗinka 1080 ce, wannan bai shafe ka ba, ƙaramar adafta ta wadatar. In 4K ce kuma kana son hoto 60, sai ka nemi adaftar da ke da guntun lantarki a cikinta, wadda aka rubuta 4K 60Hz a kwalinta.

Hanya ta biyu sababbin ƙananan akwatuna ne masu furosesar Intel N100, wadda ta fito a 2023. Wat 6 aka ƙiyasta mata, tana warware har AV1, yawancinsu kuma da HDMI 2.0 suke zuwa. Mai sola da mai talabijin 4K, nan ya kamata su dosa. Sai dai ingancin ƙirarsu ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani, kuma in fankarsu ta mutu samun irinta a gari aiki ne.

Ta uku ita ce ka haɗa da hannunka a kan bod ɗin Mini-ITX, wato allon da ake dasa sauran kayan a kansa, mai santimita 17 tsawo da faɗi. Ta fi tsada, ta fi daɗin yi, ita ce kuma ta wanda ke son had-dis biyu ko uku a ciki, ko wanda yaransa za su yi gem. Akwai kuma 'yan ƙananan kwamfutocin nan Raspberry Pi 4 da 5, masu kyau ne, amma kafin ka haɗa kuɗin gidansu da cajarsu da katin ajiya, sau da yawa ka kamo kuɗin Beljiyam ɗin.

Ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki da ita, gigabait 8 ya isa, har da saura. Ka fi son sanda biyu masu 4 a kan ɗaya mai 8 in injin yana da gurbi biyu, don sashen hoto da ram ɗin yake aiki, hanya biyu kuma ta fi ɗaya gudu. Manhaja a kan SSD za ta zauna, wato faifan ajiya mai sauri, ko mai gigabait 128 ne. Fina-finai su tafi had-dis dabam.

A shago

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tafi da filash mai ɗauke da bidiyon HEVC ɗaya, da wayar HDMI taka. Mai shago zai ce, "Ai lafiya lau take, Yallaɓai, jiya na gwada ta." Ka ce masa, "Na yarda, Malam, amma a jona mu gani tare."

Da an kunna, ka shiga BIOS, shafin saitin injin da ake buɗewa tun yana tashi: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. In ta nemi kalmar sirri, tsohon ofishin da ya yi amfani da ita ne ya kulle, ka ajiye ta ka ɗauki wata. A nan kuma za ka ga ainihin sunan furosesa, ba abin da aka manna a jiki ba. Sai caja. Ta Dell tana da wani siririn tsinke a tsakiyar bakinta da injin ke gane ta da shi. In cajar jabu ce ko tsinken ya karye, injin zai yi gargaɗi yayin tashi, ya kuma rage gudun furosesa da gangan. Mutane da yawa sun zagi inji mai lafiya alhali cajar ce mai laifi. Daga nan ka kunna bidiyonka ka bar shi minti 20, ka kasa kunne ga fanka, ka soka filash a kowace ƙofar USB. In had-dis na hannu za ka saya, a buɗe maka shi da CrystalDiskInfo; in ya nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, ba naka ba ne.

Buɗewa da haɗawa

Ka zare caja, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ciki ta fita. Ka yi aikin a kan teburin katako, ba kan kafet ko katifa ba. Wannan ba tsirfa ba ce, musamman da hunturu. Ka san yadda ƙofar mota ke ɗan jan yatsa in iska ta bushe? Wannan ɗan jan ya isa ya kashe ram. Kafin ka taɓa komai a ciki, ka dafa ƙarfen taga ko na ƙofa, ka kuma riƙa kama kayan ta gefe.

Injin Beljiyam, fara da wanke masa ciki. Ka cire fanka, ka kwance notocin ƙarfen sanyaya bi da bi kamar yadda aka sa musu lamba, ka ɗaga shi. Tsohon man da ke kan furosesa za ka tarar ya bushe kamar laka. Ka goge shi da tsumma mai ɗan sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar da ƙarfen ka ɗaure a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ba a shafa shi kamar man shanu a burodi; matsewar ita za ta baje shi. Tsakanin haƙoran ƙarfen akwai ƙurar da ta zama kamar auduga, ka fitar da ita da tsohon burushin haƙori. In za ka sa bulowa, ka dafe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Tunda ka buɗe, ka canja ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ram ana soka shi a karkace, a daidaita tsagarsa da ta gurbin, a danna ƙasa har kunnuwan biyu su ce ƙas. SSD na M.2 haka shi ma, a karkace, sai ɗan noti ɗaya ya riƙe wutsiyarsa. Ka duba ko gurbin NVMe yake karɓa ko SATA, don siffarsu kusan ɗaya ce amma ba kowane gurbi ke ɗaukar duka biyun ba.

Mai haɗa Mini-ITX, ga inda ake tuntuɓe. Ka sayi furosesa mai sashen hoto a cikinta: ta Intel da sunanta ya ƙare da F ba ta da shi, ta AMD kuma a tsofaffin zubi sai mai G, irin su Ryzen 5 5600G. Ka auna tsawon fankar furosesa da zurfin gidan kafin ka biya. Ka ɗora furosesa da ram da SSD tun bod ɗin yana kan kwalinsa, ka jona wuta da talabijin ka tabbatar yana nuna hoto, sannan ka sa shi a gida. Wayoyin wuta biyu ne, mai baki 24 da ƙarama mai baki 4 ko 8 ta furosesa. Ƙaramar ce ake mantawa, sai fanka ta yi ta juyi allo yana baƙi. Ka ɗaure wayoyi gefe guda, don a ƙaramin gida waya ɗaya ta isa ta tare iska.

Manhaja

Kodi ita ce manhajar da ke mai da kwamfuta akwatin kallo, mai manyan rubutu da ake gani daga kan kujera. Da XBMC ake kiranta, don a kan Xbox ta fara, aka sauya mata suna a 2014. Kyauta ce. Kana iya ɗora ta a kan Windows, amma ni LibreELEC nake sawa, wato ɗan ƙaramin Linux da ba shi da aikin komai sai tayar da Kodi. Dalilina na Kaduna ne: ginshiƙin manhajar a kulle yake, ba a rubutu a kansa yayin aiki, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika lalata shi ba. Ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar yawancin injinan da ke ƙasa da zubi na 8.

A wata kwamfutar, ka shiga shafin LibreELEC ka sauko da manhajarsu ta rubuta filash, ka zaɓi nau'in Generic, ka rubuta shi a filash ɗin da ba ka buƙatar abin cikinsa. Ka soka a injin falo, ka kunna kana danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, ka zaɓi filash ɗin. In ya ƙi tashi, ka koma BIOS ka kashe Secure Boot. Hattara a nan: girkawar tana share duk abin da ke faifan da ka zaɓa. Ka cire had-dis ɗin hotunan gida tukuna, ka bar SSD kaɗai. Cikin 'yan mintoci an gama. Yankin lokaci ka zaɓi Lagos.

Kodi ba ta zuwa da fim ko ɗaya. Za ka ji ana tallar wasu ƙananan manhajoji da ake ƙara mata masu kawo komai kyauta. Yau suna aiki gobe sun mutu, wasunsu da mugun kaya a ciki, kuma fim ɗin Hausa da aka kalla ta wannan hanya gumin 'yan uwanmu ne aka sha.

Saituna kaɗan masu amfani

A shafin saituna, ka ɗaga matakin da ke ƙasa ta hagu zuwa Expert, in ba haka ba rabin abubuwan a ɓoye suke. A sashen Player ka kunna "Adjust display refresh rate". Fina-finan sinima hoto 24 ne a daƙiƙa, shirye-shiryen talabijin ɗinmu 25 ko 50, kwamfuta kuma ta saba aika 60. In ba su daidaita ba, za ka ga hoto yana ɗan tsalle duk sanda kyamara ta juya, an fi lura da shi a ƙwallo. Wannan saitin yana sa talabijin ta bi takun fim ɗin.

Sauti: in sifikun talabijin ne ko sandar sauti mai sauƙi, ka bar yawan tashoshi a 2.0. In kana da amfilifaya mai sifiku biyar da na ƙasa, ka kunna "Allow passthrough", ka yi alama kan abin da amfilifayar ta iya kawai. Wayar haske tana ɗaukar Dolby Digital da DTS, ba ta ɗaukar TrueHD; wannan sai HDMI.

Fina-finan waje ka raɗa musu suna da shekara, kowanne a jakarsa, Kodi za ta nemo hotonsu da bayaninsu. Na Hausa da bidiyon biki da na suna, ka ware musu jaka dabam, ka ce mata kada ta nemo komai. Ban yi haka ba da farko, sai ga bikin ƙanwata ɗauke da hoton wani fim ɗin Turawa na 'yan fashi. Had-dis ɗin kuwa a tsara shi da NTFS ko exFAT, don FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4.

Rimot: yawancin kwamfutoci ba sa jin rimot ɗin talabijin ta HDMI kamar yadda Raspberry Pi ke ji. Mafi sauƙi ka sayi ɗan rimot mai kibod a bayansa. Ko ka sa manhajar Kore a waya, ka kunna izinin sarrafawa a sashen Services, wayar da akwatin su hau rauta ɗaya. Ko rautar ba ta da data, zai yi aiki. In akwai abin da ba na yara ba, Kodi tana da makulli mai lamba.

Wuta, da inda za ta zauna

Akwai wani saiti a BIOS da ke cewa me injin zai yi in wuta ta dawo: Dell na kiransa AC Recovery, HP da Lenovo After Power Loss. Masu zama inda wuta ba ta motsi suna sa shi ya tashi da kansa. Kai ka bar shi a kashe. Wutarmu takan zo ta koma ta sake zuwa cikin minti ɗaya, kuma daƙiƙoƙin farkon nan su ne masu haɗari. Ka sa na'urar nan ta soket mai jinkirta wuta, irin wadda ake sa wa firji, ta riƙe talabijin da kwamfuta da amfilifaya gaba ɗaya. Ita ce abin da injina na biyu ya rasa.

Ƙaramin UPS, na'urar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, yana da amfani, ba don a ci gaba da kallo ba, don had-dis ya samu a kashe shi cikin mutunci. Amma ka sani, masu arahar sukan ƙi wutar ƙaramin janareto, su yi ta ƙara suna cin batirinsu, saboda bugun wutar ba ya tsayawa a 50 a daƙiƙa. Mai inbata ya huta da wannan. Lissafinsa kuma mai daɗi ne: a ce injin yana cin wat 20, kallon awa biyar wat-awa 100 ke nan, alhali batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200, rabinsu ne ake taɓawa in na ruwa ne. Talabijin ce mai ci, ba akwatin ba.

Gargaɗi ga masu sola: akwatunan N100 da yawa bolt 12 suke sha, sai mutum ya ga ai batirinsa ma 12 ne, ya jona kai tsaye. Batirin da ke caji yana haura bolt 14. Sai da na'urar daidaitawa a tsakani.

Da damina, in hadari ya haɗo, ka zare soket, ka zare wayar dish daga dikoda. Tsawa tana bin wannan wayar ta shiga talabijin, daga nan ta bi HDMI ta gaisa da duk abin da ke jone. In kuma kana taɓa jikin akwatin kana jin yana ɗan tsikararka, wayar ƙasa ta gidan ba ta aiki; a kira mai gyaran wuta, kafin nan kuma kada a soka ko a zare HDMI sai komai yana kashe.

Wurin zama: fili, da tazarar yatsu huɗu ta kowane gefe, ba kan dikoda ko amfilifaya ba, ba kuma ƙasa kan kafet ba. Ni a Panteka aka lanƙwasa mini ɗan kanta na ƙarfe mai huji-huji aka kafa a bango. Uwargida in ta rufa masa ɗan kyallen ado, ka roƙe ta da girma da arziki ta riƙa ɗagewa kafin a kunna. Ka buɗe shi ka kaɗe ƙura in hunturu ya wuce, wajen ƙarshen Fabrairu, kafin zafin Maris ya same shi da toshewar hanci.

In ta yi gardama

Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a gwada, sannan a taɓa na gaba, kuma daga mai araha ake farawa. Wayar HDMI ta fi bod yawan laifi nesa ba kusa ba.

Injin ya tashi, talabijin ta ce ba sigina: ka tabbatar tana kan ƙofar da ta dace, ka canja waya, ka canja ƙofa. Ka gwada kunna talabijin kafin kwamfuta, don yayin tashi ne injin ke tambayar talabijin irin hoton da take ɗauka. In ya tarar tana barci, sai ya yi shiru. In hoton yana zuwa yana ɗaukewa, ko kana ganin ɗige-ɗige masu ƙyalli, a 4K kawai, wayar ce ta kasa ɗaukar gigabit 18 na HDMI 2.0. In kuma 4K ya maƙale a 30, akwai saitin da ake kunna wa kowace ƙofa a talabijin: LG na kiransa Ultra HD Deep Colour, Samsung Input Signal Plus.

Gefen hoto ya yanke, agogon Kodi ya shige lungu: talabijin ce ke zuƙo hoton. Ka nemi Just Scan a LG ko Screen Fit a Samsung. Baƙi ya koma toka-toka, ko kuwa duhu ya haɗiye fuskokin mutane: ɗayansu yana lissafin haske daga 0 zuwa 255, ɗayan daga 16 zuwa 235. Ka nemi saitin matakin baƙi a talabijin ka juya shi, za ka ga bambanci nan take.

Fim yana tsayawa: yana cikin tafiya ka danna harafin O a kibod. In ka ga HW kusa da sunan mai warwarewa, sashen bidiyo na aiki, sai ka tuhumi had-dis ko Wi-Fi. Ka kwafi fayil ɗin zuwa SSD ka kunna. In ya tafi daidai, ka gano ɓarawon. In SW ka gani, ko dai an kashe VAAPI, saitin da ke sa sashen bidiyo aiki, a saituna, ko fayil ɗin ya fi ƙarfin zubin injinka. In kuwa lafiya yake farawa sai bayan rabin awa ya soma, zafi ne. Ka duba ma'auni a sashen bayanan inji; furosesar Intel tana rage gudu da kanta in ta doshi digiri 100, kuma mai kallon fim bai kamata ta je ko kusa ba.

Kiɗa da harbi suna tashin maƙwabta amma magana ba ta fita: sautin sifiku shida ne aka matse cikin biyu. Ka tabbatar tashoshi suna 2.0, ka ƙara wa tashar tsakiya ƙarfi a saitin sauti, don nan muryoyi suke. Baki yana motsi kafin magana ta iso: akwai wurin ja da sauti gaba ko baya a cikin fim ɗin, kana iya ajiye shi ga dukkan fina-finai. Gurnani a sifika kuma, ka zare wayar dish ka ji. In ya ɗauke, daga nan yake. In sai an koma inbata yake zuwa, inbatar ce ba mai tsabtatacciyar wuta ba.

Had-dis ya ɓace bayan an ɗauke wuta, ko ya ƙi karɓar sabon fayil: NTFS ne ya yi wa kansa alamar ba a rufe shi daidai ba. Ka kai shi kwamfuta mai Windows, ka sa ta duba shi ta gyara, ka cire shi ta hanyar da ta dace. In yana ƙyas-ƙyas yana ɗaukewa, wuta ce ba ta isarsa: ƙofar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, shuɗiyar ta 3.0 kuma 900. Ka mai da shi shuɗiyar, da gajeriyar waya. Sai dai shuɗiyar tana da nata hali, tana damun ɗan tsinken rimot mara waya da ake sokawa a USB in suna maƙwabtaka. Rimot ya fara jinkiri ranar da ka jona had-dis? Ka mai da tsinken ƙofar gaba, ko ka ja shi nesa da 'yar wayar ƙari.

YouTube da duk abin intanet sun ƙi buɗewa alhali akwai data: ka kalli kwanan wata. In injin yana ganin shekarun baya muke, shafuka ba za su yarda da shi ba, kuma ɗan batirin kwabon nan ne ya mutu.

Na ƙarshe shi ne mai tsinka zuciya: ka danna, fanka ta juya, fitila tana ƙiftawa ko injin yana ƙara, allo baƙi ƙirin. Kwanaki yayana ya kira ni daga Barnawa da daddare a kan haka, har ya fara tambayar kuɗin sabo. Na ce, "Yaya, kafin nan a zare caja, a buɗe, a ciro ram ɗin." Ya ciro. Na ce ya goge haƙoran zinaren da abin goge fensir na yara, a hankali, ya hure gurbin, ya mayar da sanda ɗaya kawai ya kunna. Ta tashi. Ya ƙara ta biyun, ta sake yin shiru. Ya sauya musu gurbi, nan ma shiru, sai muka san sandar ce ta mutu ba gurbin ba. A kan gigabait 4 ɗin da suka rage suka ƙarasa kallonsu a daren, washegari ya aiko ɗansa da matacciyar sandar a cikin ambulan don a nemo irinta.